Kurma ya shigo gida da jakar littafi: nazarin wani shirin karatu a Amurka

A shekarar 1993, a makarantar kurame da makafi ta jihar Hawai a Amurka, wasu malamai uku, David Schleper da Jane Fernandes da Doreen Higa, suka ɓullo da wani ɗan shiri mai sauƙin fasali. A samo babban mutum kurma wanda maganar hannu ta zauna masa daram, a ba shi jaka da littafin yara a ciki, a tura shi gidan da ke da kurman yaro sau ɗaya a mako. Iyayen yaron aka tura shi ya koya wa yadda za su karanta wa ɗansu labari da hannu. Shi yaron, hannun iyayensa ake so ya gani.

Da Fernandes ta koma Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washington a 1995, sai shirin ya bi ta. Gallaudet ita ce jami'ar kuramen nan da aka kafa a 1864, wadda Abraham Lincoln ya sa hannu a takardar kafa ta. A harabarta akwai makarantar firamare ta Kendall, da cibiyar da yanzu ake kira da sunan Laurent Clerc, mai aikin gwada dabarun koyar da kurame da yaɗa su a faɗin ƙasar. A can shirin ya samu gindin zama da sunan Shared Reading Project, daga can kuma ya bazu zuwa jihohi da dama, ana yi wa yara daga jarirai har zuwa 'yan shekara 8.

Abin da suka tarar a ƙasa

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara, iyayensu masu ji ne. Da yawa daga cikin iyayen nan, ɗansu shi ne kurma na farko da suka taɓa zama da shi. A farkon shekarun 1990 gwada jin jarirai bai game duk faɗin Amurka ba, don haka yaro yakan kai shekara biyu, ko ma fiye, kafin a tabbatar ba ya ji. Duk tsawon lokacin nan ana ta yi masa magana, ana rera masa waƙa, shi kuwa leɓuna kawai yake gani suna motsi. Sa'ansa mai ji ya riga ya tara kalmomi, ya san labari yana da fari da tsakiya da ƙarshe, ya san idan aka ce "wata rana" to wani abu na tafe. Shi wannan ya shiga makaranta ba shi da cikakken harshe ko ɗaya, sai 'yan alamun da shi da uwarsa suka ƙirƙiro don ci da sha da kwanciya.

Sakamakon ya daɗe yana bayyana a jarrabawa. Binciken da Carol Traxler ta fitar a 2000 ya nuna matsakaicin ɗalibi kurma mai shekara 18 a Amurka yana karatu ne a matakin ɗan aji huɗu na firamare. Matsakaici aka ce, wato rabi sun fi haka, wasu ma nesa ba kusa ba, amma rabi suna ƙasa da haka. An daɗe ana ɗora laifin a kan kunne: ai rubutun boko sauti ne aka zana, wanda bai ji sauti ba ina zai gane zane? Sai dai akwai abin da wannan bayani ya kasa warwarewa. Kuramen da iyayensu ma kurame ne, waɗanda a ƙa'ida su ne suka fi nisa da sautin Turanci, sau da yawa su suka fi iya karanta shi. A 1997 Michael Strong da Philip Prinz suka gwada ɗalibai a wata makarantar kurame ta Kalifoniya, suka ga duk wanda ya fi ƙwarewa a maganar hannu ya fi ƙwarewa a rubutaccen Turanci. Daga baya, a 2011, Rachel Mayberry da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa wuri guda, suka ga sanin sautin kalma yana bayyana kusan kashi 11 cikin 100 ne na bambancin iya karatu tsakanin kurame, ƙarfin harshe kuwa kusan kashi 35.

Me ya hana a gane haka da wuri? Tarihi. A taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 aka yanke shawarar a kori hannu daga aji, a koya wa kurame furuci da karatun leɓe kawai, kuma makarantu da yawa sun bi wannan hanya kusan ƙarni guda. Sai a 1960 William Stokoe, malami a Gallaudet, ya nuna cewa maganar hannun Amurka harshe ne mai nahawunsa. Ba Turanci ba ne da aka ɗora a yatsu, ta ma fi dangantaka da maganar hannun Faransa, saboda Laurent Clerc ɗin nan kurma ne Bafaranshe da ya ƙetaro a 1816 ya taimaka aka buɗe makaranta a Hartford a 1817. A 1991 kuma Laura Petitto da Paula Marentette suka nuna jariran da suka tashi cikin maganar hannu suna gwalantu da yatsu, kamar yadda jarirai masu ji ke yi da baki, kuma a kusan watannin da su ma suke yi.

To ga masu harshen nan suna zaune a gari ɗaya da iyalan da ke cikin ƙishirwarsa, ba wanda ya haɗa su. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ido ɗaya, aiki biyu

Schleper bai zauna ya ƙago dabaru daga kansa ba. Ya bi abin da masu bincike suka gani a wajen iyaye da malamai kurame idan suna karanta wa yara littafi, irin aikin da Maribeth Lartz da Jill Lestina suka yi a 1995 a kan uwaye kurame, ya tace shi zuwa ƙa'idoji 15 da ya fitar a 1997. Duk wanda ya bi su a tsanake zai ga yawancinsu amsa ce ga matsala guda, wadda mai ji ba ya ma sanin akwai ta.

Uwa mai ji idan za ta karanta wa ɗanta littafi, ɗora shi take yi a cinya, bayansa a ƙirjinta, ta buɗe littafin a gabansu, ta nuna hoto da yatsa tana magana. Idon yaro na kan hoto, kunnensa na kan uwa. Abu biyu a lokaci guda, ba wahala. Kurman yaro kuwa da idon da zai kalli hoton, da shi zai kalli maganar. In ya dubi littafi ya rasa abin da uwa ke cewa, in ya dubi uwa hoton ya wuce shi. In kuma tana bayansa ne, ko fuskarta ba ya gani. Shi ya sa iyaye da yawa suke cewa sun gwada, yaron ne ba ya son littafi, fizgewa yake yi ya yi ta juya shafi. Ina laifinsa? An ba shi hotuna babu labari, sai ya kalle su da saurin da ake kallon hotuna.

Ga yadda abin ke kasancewa a hannun wadda ta iya. A ce yarinya ce 'yar shekara uku, littafin kuma na wata kyanwa ce da ke neman ɗanta. Mai karatun ba za ta zauna a bayan yarinyar ba. Gefe za ta zauna ta ɗan karkato, ta jingina littafin da matashi yadda hannayenta biyu za su samu sarari, kuma shafi da fuskarta su kasance kusa da juna a idon yarinyar. Ta nuna kyanwar, sai ta yi shiru da hannu. Yarinya ta kalla, ta ƙoshi, ta ɗago ido. A daidai lokacin nan ne alamar take zuwa: yatsu biyu su kama gashin baki a gefen kumatu su ja waje, kyanwa. In yarinyar ta daɗe ba ta ɗago ba, ba a kama haɓarta a juyo da ita. Ɗan taɓi a kafaɗa, ko ɗan kaɗa hannu ta gefen ido, ko kuma a kai alamar kan shafin kanta, a yi ta a jikin hoton yadda ba sai ta ɗago ba. Wani lokaci ma a kumatun yarinyar ake jan gashin bakin, ta ji alamar a jikinta tana dariya.

Sai kyanwa ta shiga nema. Mai karatu ta zama kyanwar: ta karkata kafaɗa, ta runtse gira, wanda a nahawun maganar hannun Amurka shi ke nuna tambayar "ina" ko "wa", ta leƙa ƙarƙashin gado. Da za ta zama karen da aka tambaya, sai ta karkata ɗaya gefen, ta dubi ƙasa don shi ne babba, ta girgiza kai. Ba ta ce "kare ya ce" ba, jikinta ya riga ya faɗa. A littafin, jimla ɗaya ce ke ta maimaituwa a kowane shafi, "ta duba, ba ta gan shi ba". Ita kuwa kowane karo da irin dubawar da take yi: nan leƙe, can ɗaga kai sama, gaba kuma waige-waige cikin damuwa. Yarinyar tana ganin rubutu iri ɗaya yana dawowa, tana kuma ganin hanyoyi da yawa na faɗin abu ɗaya a harshenta.

Akwai kuma abin da marubuci bai rubuta ba don ya ɗauka kowane yaro zai gane. Ba a ce hankalin kyanwar ya tashi ba, ba a ce dare na yi ba, hoton ne kawai ke ƙara duhu. Yaron da ya sha jin labarai zai cike gurbin da kansa. Wannan ba ta sha ji ba, don haka mai karatu take fito da shi fili: duba, rana ta faɗi, tsoro take ji. Ta tsaya ta dubi yarinyar da gira a ɗage, tana jiran ta ce wani abu. Idan yarinyar ta nuna ƙofar ɗakinsu tana alamar kyanwa, sai a bar littafin a bi ta: eh, irin wadda kika gani jiya. Idan ta mayar da shafi baya, a koma baya. Ba dole sai an kai ƙarshe yau ba.

Wannan ƙa'ida ta bin yaro ita ce ta fi yi wa iyaye wuya, a ganina, domin ta saɓa wa abin da suka sani game da karatu: a fara daga farko, kar a tsallake, kar a ƙara abin da babu.

Ziyarar mako da abin da ke cikin jaka

Tsarin ba shi da yawa. Mai koyarwa kurma yana zuwa gida sau ɗaya a mako har mako 20, kowane zuwa da sabon littafi. Ya karanta shi da hannu iyaye suna kallo. Sai su gwada yana gyara musu, sai kuma su karanta wa yaron yana gefe. Ya tafi ya bar jakar: littafin, da faifan bidiyon wani kurma yana ba da labarin, da ɗan kati mai tunatarwa a kan dabarun, da takardar wasannin da za a yi bayan karatu. Idan uba ya manta wata alama ranar Laraba, sai ya kunna bidiyon. Akwai iyalan da ba Turanci suke yi a gida ba, don haka aka tanadi fassarar labaran a wasu harsuna, ciki har da Sifaniyanci.

Ziyarar farko takan zo da ɗari-ɗari. Baƙon ba ya ji, masu gida ba su iya hannu ba. Da nuni da ɗan rubutu a takarda ake lallaɓawa. Amma wannan ƙuncin kansa darasi ne, don a karon farko iyaye ne ke cikin halin da ɗansu yake kullum, suna kallo suna ƙoƙarin kamo zance. Sannan ga shi sun ga babban mutum kurma ya tuƙo motarsa, ya zo a kan lokaci, yana da aiki, yana karatu yana rubutu. Iyayen da tun ranar da likita ya ba su labari suke tambayar kansu me yaron nan zai zama, sun ga amsa zaune a falonsu. Shi ma yaron ya ga babba irinsa. An sha ba da labarin kuramen yara da suka ɗauka in sun girma za su fara ji, don ba su taɓa ganin babban kurma ba.

Ita kanta Fernandes ta san wannan gefen. Kurma ce da aka rena da furuci da karatun leɓe, sai da ta wuce shekara 20, tana karatun gaba da digiri, sannan ta koyi maganar hannu.

Daga labari zuwa baƙi

A nan ne ake yawan yin kuskure idan ana ba da labarin irin wannan shiri. Yaro ya ji daɗin labari da hannu bai sa ya iya karatu ba. Maganar hannu harshe ne, Turancin da ke shafi wani harshe ne daban, sai an gina gada tsakaninsu da gangan.

Maimaita littafi ɗaya shi ne ginshiƙin gadar. Karatun farko kusan duk ba da labari ne, mai karatu tana sakin jiki, tana ƙari, tana wasa, ba ta damu da jimlolin shafi ba. A karo na uku ko na huɗu, da yarinyar ta riƙe labarin, sai a fara matsowa kusa da rubutun, yatsa yana bin layi, ana nuna inda kalmar take. Daga baya a shigo da haruffan yatsu, wato kowane harafi da siffar da ake yi masa da hannu. Malamai kurame suna da wata dabara da Tom Humphries da Francine MacDougall suka bayyana, suka kira ta sarƙa: a yi alamar kyanwa, a nuna kalmar a shafi, a harhaɗa haruffanta uku na Turanci da yatsu, a sake yin alamar. Abu ɗaya ta fuska uku, a jere, cikin 'yan daƙiƙoƙi. 'Yar shekara uku ba ta san haruffa ba tukuna, motsin yatsun take gani dunƙule kamar alama guda, kuma za ta kwaikwaye shi a hargitse. Ba komai. Ranar da za ta gane cewa kowane lanƙwasa yatsa yana da ɗan'uwansa a takarda tana nan tafe, kuma za ta same ta da kalmomi a hannu.

Ƙa'ida ta ƙarshe a jerin Schleper ba dabarar hannu ba ce. Cewa ta yi mai karatu ya sa a ransa yaron nan zai iya karatu. Iyaye kurame ba sa tantama a kan haka, don su ma sun iya.

Abin da aka samu, da inda ya tsaya

Cibiyar ta Gallaudet ta gwada shirin a wurare biyar, Linda Delk da Lisa Weidekamp suka fitar da rahoto a 2001. Iyalai sun ce sun ƙara yawan karanta wa 'ya'yansu littafi, hannunsu ya ƙara sakewa, kuma hira tsakaninsu da yaran ta ƙaru har a wajen lokacin karatu. Wannan na ƙarshe shi ne babba. Uban da ya koyi alamar tsoro da nema da "ina" saboda kyanwa, zai yi amfani da su ranar da takalmin 'yarsa ya ɓace.

Sai dai a lura da irin rahoton. Yadda aka gudanar da shirin da abin da ya canja a iyali ya duba, mafi yawa daga bakin iyaye da masu koyarwa, ba makin karatun yaran bayan shekaru ba. Wanda ke neman hujja ta kwatance zai fi samunta a wani shiri mai kama da shi na cibiyar SKI-HI a jihar Utah, inda su ma suke tura kurame manya gidaje. A 1998 Susan Watkins da abokan aikinta suka kwatanta yaran Utah masu irin wannan baƙo da yaran Tennessee marasa shi, suka ga na Utah sun fi ci gaba a harshe, har da Turancin. Yaran da aka gwada ba su da yawa, amma sakamakon ya tafi daidai da sauran abin da aka sani.

Mako 20 kuma ba ya ba babba harshe. Yaro yana kama hannu da sauri fiye da iyayensa, cikin shekara ɗaya ko biyu ya tsere musu, in ba su ci gaba da koyo ba sai a koma gidan jiya: shi yana da abin faɗa, su ba su gane ba. Sau da yawa uwa ce kaɗai ke zama a darasin, sauran gida suna kallo daga nesa. Ba kuma kowane kurma ne ya iya koyar da manya ba. Iya ba da labari daban, haƙurin zama da uban da yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa daban, shi ya sa sai an horar da masu koyarwar, an kuma samu mai lura da aikinsu.

Zamani ma ya juya tun 1993. Yanzu ana gwada jin kusan kowane jariri a Amurka, da burin a yi gwaji kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Na'urar ji da ake dasawa a kunne, wadda aka amince a sa wa yara tun 1990, ta yaɗu sosai, kuma ta dawo da tsohuwar gardamar Milan da sabuwar riga. Binciken Ann Geers da abokan aikinta na 2017 ya ce yaran da aka dasa wa na'ura waɗanda iyalansu ba su yi amfani da hannu ba sun fi iya furuci. Masu suka suka ce an cakuɗa cikakkiyar maganar hannu da 'yan alamun da ake yafawa a kan magana, kuma wataƙila yaran da na'urar ba ta yi wa aiki sosai ba ne iyayensu suka riƙe hannu, ba hannun ne ya ja su baya ba. A ɗaya ɓangaren, Kathryn Davidson da Diane Lillo-Martin da Deborah Chen Pichler sun nuna a 2014 cewa wasu 'yan yara masu na'ura da suka tashi a gidan kurame, cikin cikakkiyar maganar hannu, Turancinsu na baki ya yi daidai da na sa'o'insu masu ji. Ni dai na fi karkata ga wannan ɓangaren, saboda dalili mai sauƙi: ba a dasa na'ura ranar haihuwa, ba kuma kowane yaro take yi wa aiki daidai ba, kuma ba a sanin wanda za ta yi wa sai bayan shekarun da suka fi muhimmanci sun wuce.

Matsalar da ta fi ci wa shirin tuwo a ƙwarya ita ce nisa. Kurame manya sun fi taruwa a birane da kewayen makarantun kurame, yaran kuwa a ko'ina ake haihuwarsu. A jihar Washington, wadda ke can arewa maso yamma, sai suka mayar da ziyarar ta bidiyo kai tsaye: a aika jakar, mai koyarwa ya bayyana a allo daga birni, yana ganin iyali suna ganinsa, ya karanta, su gwada, ya gyara. Ya fi faifai nesa ba kusa ba, don faifai ba ya ganin uwa ta yi alamar a lokacin da idon ɗanta ke wani wuri, balle ya ce mata ta dakata sai ya ɗago. Abin da allo ya kasa shi ne dabarun da ake yi a jikin yaro da kan shafi, waɗannan sai dai ya kwatanta daga nesa, wani malami ko ɗan gida da ke zaune a ɗakin ya aiwatar.